Tifa ta take mai alayyafo da asuba: wa ke ƙirga masu keke?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana biyu ke nan abin yana cina.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha ɗaya. Ba zan kama sunansa ba saboda iyalinsa. Kullum da ya sallame sallar asuba zai hau kekensa ya nufi kasuwar 'Yankaba, ya saro alayyafo da latas da ɗan kayan miya, ya dawo yana bin lungu-lungu yana sayar wa matan aure. Ranar Talata ya fita kamar kullum, bai kai kasuwar ba. Wata tifa ɗauke da yashi ta zo shan kwana hannun dama, shi kuma yana raɓe a gefenta, tayar baya ta bi ta kansa. Waɗanda suka gani sun ce ko shurawa bai yi ba.

Ni aka aika na ɗauko keken. Tayar gaba lafiyarta ƙalau, har da iskarta. Ta baya kuwa ta koma kamar wankin da aka murɗe. Buhunansa biyu suna nan a ninke a kan kariya, ya ɗaure su da yankakken tub yadda ya saba. Silifas ɗinsa ƙafa ɗaya na tsinta a cikin kwata, ɗayar ban gan ta ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya shida, babban shekararsa goma sha biyar.

Da la'asar mai motar ya turo mutane ta'aziyya, da buhun shinkafa da 'yar ambulan. Yayan mamacin ya miƙe a gaban jama'a ya ce sun yafe, kwana ne ya ƙare. Aka shafa fatiha. Jiya aka ce min motar har ta koma ɗibar yashi. Shi ne mai keke na uku da na sani ido da ido da mota ta kashe, kuma ko ɗaya ban ji an faɗa a rediyo ba. Da jif ɗin wani babba aka goge wa fenti, da yanzu direban yana caji ofis. Ku faɗa min, ran mai keke ba rai ba ne?

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari.

Ɗan Yerwa:
Allah ya gafarta masa. Neman halal ya fita, Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Baban Walida:
Allah ya jiƙan musulmi. Malam Abu Safwan, ka yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Shekarata goma sha tara ina jan tirela, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Fatakwal. Ban ga haɗarin nan ba, kuma ba kare direban nake ba. Amma wanda bai taɓa zama a kujerar babbar mota ba bai san yawan abin da ba a gani daga can sama ba. Direba yana hagu. Duk abin da ke gefen dama, daga ƙofar yaron mota har tsakiyar bodi, in gajere ne kamar keke, ba ya cikin gilashi, ba ya cikin madubi. Haka gaban hancin mota: mutum zai tsaya nan da kekensa a danja, ka saki birki ba ka san da shi ba.

Sannan babbar mota ba ta shan kwana yadda ƙarama take sha. Sai ka buɗe hagu tukuna kafin ka karyo dama. Mai keke na ganin ka buɗe sai ya ɗauka hanya ka ba shi, ya kutsa tsakaninka da bakin titi. Kan mota ya wuce shi lafiya, amma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi. A nan ake mutuwa. Ƙara da asuba, ba fitila, ga hazo, ga riga mai duhu. Mu ma ba mu fito don mu kashe kowa ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
To shi ke nan, laifin mamaci ne ke nan! Kullum maganarku ɗaya, "ban gan shi ba". Ba ka gan shi ba don ba ka duba ba. Rabin masu jan tifa a garin nan yara ne da ko gemu ba su tara ba, suna sheƙa gudu a cikin unguwa kamar an biyo su.

Baban Walida:
Ɗana, sassauta. Ban ce laifinsa ba ne. Gudun da ka ce gaskiya ne, kuma ka san dalili? Mai tifa da yawan sawu ake lissafa masa kuɗi. Wanda ya yi sawu shida ya fi wanda ya yi huɗu, shi ya sa suke fita tun duhu kafin titi ya cika. Madubin dama zai fashe wata uku, ka gaya wa mai mota ya ce a lallaɓa. Ni dai dokar da na sa wa kaina, ba na karya kwanar dama a cikin gari sai yarona ya leƙa ta taga ya ce min "zo". Amma na san ba kowa ke yi ba.

Mai Faci Na Kurna:
Salamu alaikum. Ni ba mai dogon rubutu ba ne, yarona ke buga min. Shekara talatin ina gyaran keke. Abin da Alhaji direba ya faɗa game da fitila haka yake. A cikin keke goma da za a kawo min, da wuya ka sami biyu masu fitila. Da can keke da dainamo yake zuwa, yana gogar taya yana ba da wuta, da jan gilashi a madigadin baya. Yanzu yawanci na gwanjo ne, tsirara suke zuwa. Birki kuwa kar a yi magana. Mutum zai zo faci, in matsa birki in ji wayam, in ce masa robar ta cinye, ya ce "bar shi, da ƙafa nake tsayawa". Ya ɗora buhun masara biyu a kariya, kan keken yana rawa, wai da silifas zai tsayar da shi a gangaren gada.

Amma kar a ɗauka rowa ce. Wanda cinikinsa na yini bai wuce ya sayi awo ba, in ka ce ya sayi robar birki, da abincin dare kake takara.

Maman Ilham:
Ni maganar nan tsoro ta ƙara min. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya gagare mu, yara uku kullum zuwa da dawowa. Babansu ya saya wa babban keke, yana goya ƙaninsa zuwa makaranta, sai sun tsallaka titin Zariya. Wallahi daga fitarsu har su dawo zuciyata ba ta zama wuri ɗaya. In na ji jiniya sai na leƙa ƙofa. Kuma ba mu kaɗai ba, ku duba ƙofar kowace makarantar gwamnati da safe ku ga kekuna.

Kawu Mai Fansho:
Hajiya, Allah ya tsare su. Ku bar ni in yi muku tsufa kaɗan. Lokacin da na kama aiki, bashin keke ake ba ƙaramin ma'aikaci, a riƙa cira a albashi. Wanda ya hau sabon Raleigh ranar Juma'a har waiwayensa ake yi, kuma a nan Bompai ake harhaɗa su. Zamanin En'e keke har lasisi gare shi, da 'yar lambar ƙarfe, in ba ka da ita ɗan doka ya kama. Wato hukuma ta san da zaman mai keke, ko da don ta karɓi kuɗinsa ne. Yau an faɗaɗa tituna, an yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, an yi ta Dangi hawa-hawa, an yi ta ƙasa a Kabuga, duk abin alfahari. Amma ku nuna min taku ɗaya da aka ware aka ce nan na mai keke ne. Wanda ya zana titin a mota yake zuwa ofis, wanda ya sa hannu a kwangilar a mota yake, wanda ya zo buɗewa da jerin gwano ya zo.

A 2001 an yi ministan sufuri, Ojo Maduekwe, zamanin Obasanjo, da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawa keke. Ya hau da kansa a Abuja, bas ta ture shi ya faɗa rami. Aka mai da abin barkwanci, aka yi ta dariya, magana ta mutu. Minista guda ke nan, da 'yan rakiya. Ina ga mai alayyafo?

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya jiƙansa. Jama'a akwai sababbin atamfofi da leshi sun iso, mai so ya yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Hajiya, don Allah. Gaisuwar mutuwa ake. Ranar Asabar ce ranar talla.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan mamaci. Ni a ɓangaren haɗari na asibiti nake aiki, shekara tara. Malam Abu Safwan ya tambaya ko ran mai keke ba rai ba ne. Zan amsa ta inda na sani: yawancinsu ko rubuta su ba a yi. Wanda ya mutu nan take, 'yan'uwa ɗauke shi suke yi kai tsaye zuwa gida, don ba sa son a kai shi mutuware a riƙe musu gawa. An yi wanka, an yi salla, an binne kafin azahar, kamar dai yadda kuka yi. Bai shiga littafin asibiti ba, bai shiga na 'yan sanda ba. Wanda kuma aka kawo mana da rai ya cika bayan kwana huɗu, sau da yawa ba a komawa a haɗa mutuwarsa da haɗarin.

Shi ya sa alƙaluma suke saɓawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ba da lissafin mutum dubu biyar da 'yan kai da ke mutuwa a titi a shekara. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Najeriya ya haura dubu talatin. Wannan tazarar, mutane ne irin maƙwabcinka. A duniya gaba ɗaya rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, fiye da rabi masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin titi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwar in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Ɗan Gwagwarmaya:
Anti, to ba sai a tilasta hular kwano ba?

Anti Nas:
Hular kwano tana da amfani sosai ga wanda aka ture ya faɗi ya bugu da kai a kwalta, kuma irin su muka fi gani. Yaro zai zo ba ko ƙwarzane a jiki, yana magana, bayan awa biyu ya fara amai ya daina gane mutane, jini ne ke taruwa a cikin kai. Amma wanda tayar tifa ta bi ta ƙugunsa ko ƙirjinsa, ba hular da za ta cece shi.

Tunda na samu dama bari in roƙe ku. In kun tarar da haɗari, kar a finciko mutum ta hannu da ƙafa a cusa shi a adaidaita a naɗe, wuyansa na lilo. Da yawa a wajen ɗauka ake ƙarasa su. A tallafe kai da wuya su zama a miƙe da jiki, a samu katako ko ƙofa a shimfiɗe shi. Kar a ɗura masa ruwa, balle madara. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. A kira 122, lambar 'yan kiyaye haɗurra, ko 112. Kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, kar tsoron "kawo takardar 'yan sanda" ya sa ku tsaya kallo. Masu ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo mutum na fitar da rai kuwa, na bar su da Allah.

Alhaji Na Kwari:
Ni fa ina ganin ana neman wuce gona da iri. Mutuwa ɗaya ce, sababi ne da yawa. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake zai tafi. Yayan nan da ya yafe ya yi abin da musulmi ya kamata ya yi. Kuɗin diyya zai dawo da shi ne? Kuma mu faɗi gaskiya, masu keken nan sun fi kowa karya doka. Su bi wanwe, su tsallake danja, su fito daga lungu ba waiwaye. Makon jiya saura ƙiris in kaɗe wani a shataletale, yana tuƙi yana waya.

Malam Ƙarami:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, a nan kam zan saɓa maka. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma wanda ya ƙaddara mutuwar shi ne ya saukar da hukuncin kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya a miƙa wa iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Da faɗin "kwana ya ƙare" yana share komai, da ba a saukar da ayar ba. Ayar ta ba da damar yafewa, haka ne. Amma wa ke da ikon yafewar? Diyya gado ce, ta magada ce. Mutumin nan ya bar ɗa namiji, saboda haka yayansa ba ya cikin magada sam, ɗa ya katange shi. Matar tana da tumuni, in mamacin yana da iyaye a raye suna da rabonsu, saura na 'ya'ya ne. Ita matar tana iya yafe nata in ta ga dama, ba tare da an matsa mata ba. Rabon marayu ƙanana kuwa ba mai ikon kyautar da shi, ko waliyyinsu ne. Wanda ya miƙe a zaman makoki ya ce "mun yafe" ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba.

Asalin diyya raƙuma ɗari ne, ko dinari dubu na zinariya, wanda ya haura kilo huɗu. A kisan kuskure ba direba kaɗai ake ɗora wa ba, danginsa ke taya shi, kuma ana rarraba biyan a shekara uku. Ana iya yin sulhu a kan abin da ya sauƙaƙa, a gaban alƙali, bayan an duba ko akwai sakaci da kuma na wane ne. Kaffarar kuma tana wuyan wanda ya yi kisan ko an yafe masa kuɗi. Direbobi nawa ne suka san haka?

Baban Walida:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ni kaina ban san azumin yana nan ko an yafe ba. A tasha abin da muka sani, in an yafe an gama.

Alhaji Na Kwari:
Malam, na karɓi gyara a kan marayu. Amma ina nan a kan bakana game da wanwe.

Ɗan Yerwa:
Alhaji, ka taɓa tambayar mai keke me ya sa yake bin wanwe? Mu a Maiduguri tun da aka hana babur a 2011 keke ya zama abin hawan kowa, malamin makaranta, ɗan kasuwa, ma'aikaci, har 'yan mata. Ni kaina da shi nake zuwa aiki. In titi yana da katanga a tsakiya, mahaɗar juyawa tana can nesa, kai mai mota taka mai kawai za ka yi. Ni da ƙafata zan je in dawo, cikin rana, sannan a wurin juyawar sai na ratsa layi biyu na motoci masu gudu kafin in kai tsakiya. Wasu kuma suna cewa gara su ga motar da za ta kashe su da ta zo musu ta baya. Ban ce daidai ba ne, haɗari ne babba, don mai fitowa daga kwana ba ya duba ta wannan ɓangaren. Amma ba hauka ke sa su ba. Gefen titin da ya kamata mu bi kuma, mai shayi ya kafa tebur, mai adaidaita ya tsaya ɗaukar fasinja, yashi ya taru, an buɗe ƙofar mota ba a duba ba. Dole ka fito tsakiya.

Bakano A Holan:
Sannunku da jimami. Ina karatu a nan shekara uku, kuma keke ne ƙafata. Mutane suna ɗauka haka Allah ya halicci ƙasar nan da hanyoyin keke. A'a. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunansu, sama da 400 yara ne. Iyaye mata suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara, suna tare tituna. Sai ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara tura gwamnati. Daga nan aka fara raba hanyar keke da ta mota da dakali, aka rage gudu a cikin unguwanni zuwa kilomita 30. Dokarsu kuma ta ce in mota ta kaɗe mai keke, mai motar zai ɗauki aƙalla rabin asarar ko da mai keken ne da kuskure, in yaro ne ƙasa da shekara 14 kuwa duka. Duk da haka ba su tsira ba, a 2022 masu keke kusan ɗari uku suka mutu, da yawansu tsofaffi. Bambancin, kowane ɗaya an rubuta shi, an san mahaɗar da ya mutu, an je an duba ta.

Ɗan Gwagwarmaya:
Kun fara ko? Holan, Holan. Mu da ko fitilar titi ba ta kwana a kunne.

Ɗan Zangon Tamale:
To bar Holan, zo Tamale. Nan Gana ne, baƙar fata ne kamar ku, talauci kuma ba wanda ya fi wani. Manyan titunan garinmu suna da hanyar keke a gefe, an raba ta da ta mota. Tsohuwa da kayanta, ɗan makaranta, malami da babbar riga, kowa na bi. Matsalarmu yanzu masu kasa kaya da masu babur sun cinye rabinta. Amma dai an yi.

Bakano A Holan:
Yawwa. Kuma akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Baban Walida, a Landan an wajabta wa manyan motoci ƙarfen gefe, wanda ake sawa tsakanin tayar gaba da ta baya, don in mota ta goge mai keke ta ture shi waje maimakon ya faɗa ƙarƙashi. Da ƙarin madubi mai nuna ƙasan ƙofar yaron mota da gaban hanci. Wannan ai mai walda a Ƙofar Ruwa zai iya.

Baban Walida:
Zai iya mana. Wasu motocin ma da shi suke zuwa daga waje, a nan ake cirewa, wai yana tokarar ƙasa in an shiga ramin yashi, ko a sayar wa 'yan gwangwan. Madubin nan mai kumburi kuwa ina da shi, da kuɗina na saya, kuma ya taɓa nuna min yaro da keke a Mariri da ban san yana wurin ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. In za ku ji shawarata ku gaya wa yaranku abu ɗaya: in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kuma kar ka taɓa shiga dama da babbar mota a kusa da kwana, ko ta tsaya cik. Ka jira a bayanta.

Maman Ilham:
Na kwafe wannan zan karanta wa nawa yau da daddare. Allah ya saka.

Lauya Mai Jiran Aiki:
Malam Abu Safwan, bayan bayanin Malam Ƙarami ga ta ɓangaren boko. Duk motar da ke kan titi doka ta wajabta mata inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 ta ƙaramar mota naira 15,000 ce a shekara, ta manyan motoci ta fi haka nesa. Mutane sun ɗauka takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai. Alhali in ta gaske ce, ba ta bakin titi ba, tana ɗauke da biyan rauni da rasa rai. Wato kuɗin ba lallai daga aljihun direba ko mai mota zai fito ba. Abin da ake buƙata shi ne rahoton 'yan sanda na haɗarin, lambar motar, shaidar mutuwa, da shaidun da suka gani. Kowace rana da ta wuce, shaidu suna watsewa. In iyalin sun amince, ka turo min lambar motar ta gefe. Ba na neman ko sisi.

Abu Safwan:
Na gode ƙwarai. Amma ku san halin da ake ciki. Na je na sami yayan da maganar Malam, a hankali, bayan sallar isha. Ya ce min shi ba zai ci kuɗin jinin ƙaninsa ba, kuma me mutane za su ce, an yafe a gaban jama'a sannan a dawo? Na ce ba kai za ka ci ba, marayu ne. Ya yi shiru. Matar kuma tana cikin takaba, ba wanda ya tambaye ta komai tun ranar. Uwargidana ce ta shiga wurinta, ta ce abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai kuɗin hayar shekara ba, kuma hayar watan gobe take ƙarewa.

Malam Ƙarami:
Kar ka je kai kaɗai karo na biyu. Ka ɗauki limamin unguwarku da mai unguwa, a zauna da shi cikin mutunci, don kunya ce ke riƙe da shi, ba mugunta ba. A nuna masa janye maganar ba abin kunya ba ne tunda haƙƙin wasu ne. Matar kuma a aika mata da muharraminta a ji ta bakinta.

Alhaji Na Kwari:
Hayar nawa ce? Turo min ta gefe.

Abu Safwan:
Allah ya saka da alheri, Alhaji, na turo. Sai wata kuma. Ɗazu da yamma babban ɗan ya shigo gidana, ya tsaya a kan keken inda na jingine shi a soro, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce min, Baba, in an gyara zai yi? Ya ce ya san duk gidajen da babansa ke kai wa alayyafo, ya san mutumin da yake sara a wurinsa, zai riƙa zuwa da asuba ya dawo kafin lokacin makaranta. Na rasa abin da zan ce masa. In na hana shi, me za su ci? In na bar shi, titin nan dai shi ne, tifofin ma su ne.

Maman Ilham:
Wayyo Allah. Don Allah kar a bar yaron nan ya fita da duhu. Ko bayan gari ya waye ne.

Ɗan Yerwa:
In gari ya waye an gama rabon kaya mai kyau a kasuwa, Hajiya. Shi ya sa uban ke sammako.

Mai Faci Na Kurna:
Malam, ka ɗauko min hoton keken ta gefe, in ga ko ƙashin bayan ya karkace. In ya karkace kar a miƙe shi, ba ya komawa daidai, zai riƙa ja gefe ɗaya. Ina da wani tsohon Phoenix a rataye, sai in kwashe kan da tayar gaba da kariyar uban in mayar a kai. Birki gaba da baya sabo zan sa, da fitila mai caji, da jar ta baya, in manna masa sitika mai ƙyalli a madigadi da feda. Kuɗin aiki na yafe, wannan kam nawa ne, ina da ikon yafewa. Amma ka zo da yaron da kansa, in auna masa sirdi.

Baban Walida:
In an gama ku biyo da shi garejinmu ranar Lahadi, motata tana nan ba ta da lodi. Zan ɗora shi a kujerata, in sa yarona ya tsaya da keken a gefen dama, ya duba madubi da idonsa ya ga ko zai gan shi.

Abu Safwan:
To. Bari in fara jin ta bakin mahaifiyarsa. Hoton yana zuwa in an kawo wuta, wayata saura kashi huɗu.